A Kare Masu Fita Nema Kafin Wata Annoba Ta Zo



A watan Maris na 2020 dubban masunta suka faɗa kogin Matan Fada kafaɗa da kafaɗa, bayan kusan shekara goma ba a yi bikin kamun kifi na Argungu ba. A lokacin korona ta riga ta sauka Legas tun 27 ga Fabrairu. Kafin Afrilu ya ƙare ta iso Kebbi, aka yi ta kira a rediyo cewa kowa ya zauna gida. To, wa ya zauna? Mai albashi ya zauna, kuɗinsa na shiga. Ɗan kabu-kabu, wanda fasinja ke numfashi a ƙeyarsa tun safe har dare, bai zauna ba. Haka direban da ke rufe da mutane cikin mota har Sakkwato, haka ɗan dako, haka mai kifi a bakin kasuwa, haka wanzami.

Ku dubi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 korona ta kashe ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 a duniya. In an faɗi haka likita muke tunawa. Amma mai shara fa, da mai wankin zanin gado, da mai tura gawa, da ungozoma a ƙauye? Su ne hannunsu ke taɓa abin da kowa ke ƙyama, kuma a ko'ina su ne na ƙarshe in ana rabon safar hannu da takunkumin fuska. A Kano, masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawa ta yi yawa, kafin daga baya ministan lafiya ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye korona ce.

Kada wani ya ce ai korona ta wuce. Sanƙarau bai wuce ba: a Maris na 2025 ya kashe mutane a Gwandu da Aliero da Jega. Zazzaɓin Lassa kuwa ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan hatsi, Kebbi kuwa jihar shinkafa ce, rumbu da sito ko'ina.

Ga inda gizo ke saƙar. Mutumin da ke hannu baka hannu ƙwarya ba zai ce yana zazzaɓi ba. Zai haɗiyi farasitamol, ya ɗaure, ya fito, domin in ya kwanta yau ba a ɗora tukunya a gidansa. Ba taurin kai ba ne, yunwa ce. Shi ne kuma zai yi tari a cikin mutum ashirin a rumfa ɗaya. Wa'azin wanke hannu, komai daɗinsa, ba zai mayar da shi gida ba. Abin da zai mayar da shi gida shi ne ya san kuɗin cefanensa na nan.

Don haka, masu masana'antun shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, ku biya lebura kwanakin da ya yi jinya, ku buɗe tagogi, ku kori ɓera daga sito. Shugabannin tasha da na kasuwa, kullum kuna karɓar kuɗin ƙungiya. Ku ware wani abu, a yi asusun jinya kamar yadda iyayenmu mata ke yin adashe. Hukumomin Asibitin Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya, ku sa mai shara a layi ɗaya da likita wajen kayan kariya da rigakafi. Malamanmu, ku faɗa wa masu wankan gawa cewa sa safar hannu ba raina mamaci ba ne. Gwamnati kuma ta tanadi kaya tun yanzu, ba sai kuka ya tashi ba.

Kai kuma ɗan'uwa, a taron ƙungiyarku na gaba ka miƙe ka tambaya: in ɗayanmu ya kwanta, wa zai ciyar da iyalinsa? Kada ka zauna sai an ba ka amsa.