Bayan an tafa musu, wa ke duba su?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai maganar da muke yi wa duk wanda ya faɗa cikin wuta ko ruwa ya fiddo mutane: "Kai namiji ne, Allah ya saka da alheri." Daga nan mun sallame shi. Ni a ganina yabon nan, in a kansa aka tsaya, zalunci ne. Abin da mai ceto ya gani da abin da ya shaƙa suna bin sa gida, su ci barcinsa, su ci ƙarfinsa, daga baya su taɓa ƙwaƙwalwarsa. Akwai hujja, kuma daga Amurka ta fito.

Ranar 11 ga Satumba 2001 aka rusa tagwayen benayen nan na birnin Niyok. A wannan rana kaɗai pompiye 343 suka mutu. Dubban mutane, ƴan kashe gobara da ƴan sanda da leburori da ƴan sa-kai, suka yi ta tonon ɓaraguzai har ƙarshen watan Mayu 2002, cikin ƙurar siminti da gilashi da hayaƙi. Mako guda bayan harin, shugabar hukumar kare muhalli, Christine Todd Whitman, ta fito ta ce iskar birnin ba ta da illa. Sai a 2016 ta nemi gafara. A 2023 yawan ma'aikatan hukumar kashe gobara ta Niyok da cututtukan wannan aiki suka kashe ya kai 343, daidai da waɗanda suka mutu ranar harin.

Tari da ciwon huhu da kansa su aka fara gani. Abin da ya ɓuya shi ne na kai. A jami'ar Stony Brook, Sean Clouston da Benjamin Luft da abokan aikinsu sun yi shekaru suna bin lafiyar waɗannan mutane. A 2016 suka bayyana cewa cikin masu ceto sama da 800 da suka gwada, kusan 13 cikin 100 na da raunin tunani da mantuwa, alhali yawancinsu ba su wuce shekara hamsin da ƴan kai ba. Waɗanda firgicin wannan aiki ya zaunar musu, masu zabura da dare, masu ganin abin yana dawo musu ido biyu, su suka fi shiga wannan hali. Da aka gwada jikinsu ma haka: saurin tafiya, tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, ƙarfin damƙa, duk masu firgicin sun fi rauni. A 2024 wani binciken nasu a kan mutum kusan 5,000 ya nuna ciwon mantuwa kafin shekara 65 ya fi yawa ga waɗanda suka fi daɗewa cikin ƙura, ya kuma ragu ga masu sa takunkumin hanci.

Ka ga ke nan abu uku ne ke tafiya tare: zuciya ba ta kwanta ba, ƙafa ta yi nauyi, tunani ya fara yankewa. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin da kullum jikinsa ke cikin shirin gudu, ba ya barci sai gyangyaɗi, ya daina shiga mutane, ya daina motsa jiki, ta ina ƙwaƙwalwarsa za ta huta? Jiki magayi.

Na san abin da wasu za su ce a fada: "Wannan ciwon Nasara ne. Mu nan muna da tawakkali." To, tawakkali bai taɓa hana hayaƙi shiga huhu ba, kuma addinin da ya koya mana haƙuri shi ya ce a nemi magani. Wasu kuma za su ce ai tsufa ne. Wane irin tsufa a shekara hamsin? In mutum ya fara manta sunan jikansa, ko ya tsaya a tsakar kasuwa ya rasa abin da ya kawo shi, nan da nan mu ce sammu ne ko iskoki. Ba mai tambaya ko gawa nawa ya ɗauka da hannunsa shekara goma baya.

Mu ma muna da masu ceto. A watan Mayu 2019 motar dakon mai ta fashe kusa da filin jirgin Yamai, fiye da mutum 50 suka ƙone. A watan Afrilu 2021 yara 20 suka mutu cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas. A watan Nuwamba na wannan shekara wuta ta cinye yara aƙalla 25 a wata lakol ta Maraɗi, ramin zinariya kuma ya rufta da mutane a yankin Ɗan Issa. Ambaliyar 2024 ta kashe fiye da 300 a ƙasar nan. Wasu hannuwa ne suka kwashe waɗannan gawawwaki: pompiye, ƴan Kurwa-Ruj, malaman lakol, samarin unguwa da bokiti da shebur. Ina suke yau? Yaya suke kwana? Wa ya rubuta sunayensu?

Kada ku ɗauka a Amurka ma a ruwan sanyi aka samu. Ɗan sanda James Zadroga ya mutu a 2006, dokar kula da lafiyar masu ceto da ke ɗauke da sunansa kuwa sai a Janairu 2011 aka sa mata hannu. A 2019 wani tsohon ɗan sanda, Luis Alvarez, ya je gaban majalisa kansa ta gama cinye shi, yana roƙon kada a yanke kuɗin diyya. Bai cika wata guda ba ya rasu. In ƙasa mai arziki haka sai da aka yi mata ihu, mu da shiru me za mu samu?

Abin da ya kamata mu nema bai fi ƙarfin Nijar ba. Duk inda bala'i ya auku a buɗe rajista, a rubuta sunan kowane mai ceto, har da ɗan sa-kai da ba shi da kaki. A raba takunkumin hanci na kirki kafin a shiga hayaƙi. Kowace shekara a kira su likita, a tambaye su barci da mafarki, a gwada tafiyarsu da tashinsu daga kujera da abin da suke iya riƙewa a kai. Kujera da agogo da takarda sun isa wannan gwaji. Ɗaliban likitanci da na ilimin halayyar ɗan adam a jami'o'inmu, ga batun bincike a ƙofar gida.

Kai kuma da ke da baba ko yaya ko maƙwabci da ya yi irin wannan aiki, ka lura da shi. In ya fara zabura da dare, ko fushi ba dalili, ko yawan mantuwa, kada ka ce masa "ka zama namiji". Zauna ka saurare shi, sannan ka raka shi likita tun da sauran ƙarfinsa.