Kada Wahala Ta Sa Mu Ce Allah Ya Manta Da Mu

 A yau filin namu zai yi magana ne a kan wata kalma da ta fara yawa a bakin mata, a bakin rijiya, da wurin niƙa, da layin asibiti, har da ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Kalmar kuwa ita ce, "Allah ya manta da mu." Wata takan faɗe ta da wasa, wata kuwa sai ka ga hawaye ya biyo baya.

Ba mu ga laifin mai kuka ba, domin abin ya kai a yi kuka. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsada mai tsanani ta biyo baya. Kuɗin mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato ko Jega ya tashi, mudun gero da na shinkafa suka bi shi. Kafin wannan, a farkon shekarar, an sha wahalar ƙarancin takardun kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ya kwana da yunwa. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a wurin maƙwabtanmu na Jihar Kebbi. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana mutanen waɗansu ƙauyuka na ƙasar Kebbe barci da ido biyu, suka kore shanu, suka raba manomi da gonarsa. Duk abin da ya faɗa wa gida kuwa, a kan mace yake sauka, domin ita ce yara suke kallo idan magariba ta yi ba a ɗora tukunya ba.

Maganar tawa ta fi shafar 'yan'uwana mata Kirista da ke zaune a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Ba mu da yawa a nan. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da matan 'yan sanda, da masu ɗan kasuwanci, da yawa kuma sun baro iyaye da dangi can nesa. Idan wahala ta haɗu da kaɗaici, nauyinta yakan ninka. Amma na san maƙwabtanmu Musulmi da ke karanta wannan fili ba za su rasa abin ɗauka ba, domin haƙuri da dogara ga Allah ba baƙin abu ba ne a wurinsu, kuma rana ɗaya ce take dukanmu duka.

Da farko dai, mu san abin da ake nufi idan an ce Allah mai aminci ne. Watau ba ya saɓa alkawari, ba ya kuma juya wa nasa baya. Amma fa babu inda ya yi mana alkawarin cewa ba za mu ga yunwa, ko ciwo, ko mutuwa ba. Macen da ta ɗauka cewa bin Allah shi ne katangar da za ta tare mata kowace masifa, ran da masifa ta shigo sai ta ga kamar an yaudare ta. Alkawarin da muke riƙe da shi shi ne, yana tare da mu a cikin wahalar, kuma wahalar ba ita ce za ta yi magana ta ƙarshe ba.

Ku duba labarin Na'omi a Littafin Rut. Yunwa ta kore su daga Baitalami zuwa ƙasar Mowab. A can mijinta ya mutu, bayan kamar shekara goma 'ya'yanta maza biyu suka bi shi. Ta komo gida hannu wofi, har ta nemi matan garin su sake mata suna saboda ɗacin da ke ranta. Littafi bai ɓoye kukanta ba, bai kuma tsawata mata ba. To, ta ina taimako ya zo? Ta hannun surukarta Rut, baƙuwa, wadda ta ɗauki ƙwarya ta shiga gonar mutane tana kalar sha'ir a bayan masu girbi. Daga wannan kala aka samu abinci, daga nan aka samu aure da Bo'aza, aka haifi Obida, kakan Sarki Dawuda. Lokacin da Na'omi take cewa an bar ta, taimakon yana tafe a gefenta tun daga Mowab, idonta ne bai kai kansa ba tukuna.

Wata za ta ce wannan labarin dā ne. To, bari mu zo kusa da gida. A watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku suka sauka Ikko, watau Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka, da niyyar su shigo ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans a Girku cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jikinsa, ba tasha ko ɗaya, ba almajiri ko ɗaya, sai kaburbura biyu. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka samu aka kafa tashar farko a Pategi, bakin kogin Kwara. Daga wannan ƙaramin mafari mishan ɗin SIM ta tsaya da ƙafarta, daga cikinta kuma Ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Abin da nake so mata su lura da shi, akwai uwa a cikin wannan labari. Margaret Gowans, mahaifiyar Walter, ita ce ta fara sa wa Bingham wannan nufi a zuciya a birnin Toronto. Ɗanta ya tafi bai komo ba, ko kabarinsa ba ta gani ba. Duk da haka ba ta la'anci aikin da ya ci ɗanta ba, ta ci gaba da tsaya masa da addu'a. Ke da kika binne ɗa, kin san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani reshe na wannan aiki ya iso har jiharmu. A ƙarshen shekarun 1930 SIM ta haɗa kai da hukumomin En'e aka riƙa jiyyar masu ciwon kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa a ƙasar Dange Shuni kusa da Sakkwato. A wancan zamani babu maganin kirki. Allurar man wani itace na ƙasar Indiya ake yi wa mutane, mai zafin gaske, kuma ba kowa take yi wa amfani ba. Mace takan shekara da shekaru a can, miji ya sake ta, dangi su ware mata ƙwarya. Idan akwai wanda ya isa ya ce an manta da shi, ai su ne. Amma a ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli da ke gabashin ƙasar nan, Likita John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dafson tana kashe ciwon idan an sha ta kaɗan kaɗan. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna, tun 1995 kuma ake ba da su kyauta. Yau ciwon da kakanninmu suka ɗauka hukunci ne na har abada, wata shida ko shekara ɗaya na shan magani yana raba mutum da shi.

Gaskiya ce, da yawa sun mutu a Amanawa ba su ga wannan rana ba, kamar yadda Gowans da Kent ba su ga 1902 ba. Ba zan ɓoye muku wannan ba. Amincin Allah ya fi tsawon ran mutum ɗaya. Wani lokaci uwa ce take shuka da hawaye, jikoki su yi girbi. Mu Kirista kuwa mun gaskata cewa ko mutuwa ba ta yanke alkawarin, tun da Almasihu ya sha wuya, ya mutu, ya kuma tashi.

Na san akwai mai cewa, "Malama, mai albashi ce take yi wa mai yunwa wa'azin haƙuri." Tana da hujja, idan haƙurin da ake nufi shi ne a naɗe hannu a rufe baki. Ba shi nake nufi ba. Rut ba ta zauna a ɗaki tana jiran hatsi ya faɗo daga sama ba. Likitocin kuturta sun yi addu'a, sun kuma yi ta gwajin magani. Saboda haka ga abubuwa huɗu da nake roƙonku.

Na ɗaya, kada ki ɓoye damuwarki har ta zama ciwo. Ki faɗa wa Allah yadda take, ba sai kin yi mata ado ba. Littafin Makoki kuka ne tun daga farko har ƙarshe, an rubuta shi bayan an rushe Urushalima wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, amma a tsakiyar kukan ne mai rubutun ya tuna da jinƙan Allah, zuciyarsa ta dawo. Bayan haka ki nemi wata dattijuwa mai riƙon asiri a zumuntar mata ki buɗe mata ciki. Idan barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki mako da makonni, ko kika fara jin gara mutuwa, to, lalle ki je asibiti. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba rashin bangaskiya ba ne.

Na biyu, ku yi hankali da masu cinikin wahalar mutane. Idan zamani ya yi tsanani sukan yi yawa. Wani zai ce ki kawo akuyarki ta ƙarshe ya buɗe miki ƙofar arziki, wani ya sayar miki da ruwa ko mai a kwalba, wani ya ce surukarki ce ko maƙwabciyarki ta yi miki asiri. Ko da sunan boka ya zo ko da sunan annabci, duk tafiyarsu ɗaya. Allah ba ya sayar da jinƙansa. Wadda ta ga wani tabo mai haske a fatar ɗanta wanda ba ya jin taɓi, ko tari da ya wuce mako biyu, asibiti za ta nufa, ta yi addu'arta a hanya.

Na uku, ku riƙe juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raya adashi ko da na kuɗi kaɗan ne, ku sa mai gaskiya ta riƙe littafin. Wadda ta iya ƙuli-ƙuli, ko saƙa, ko ɗinki, ko kiwon kaji, ta koya wa wadda ba ta iya ba. Idan an kawo waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauye, kada ki tambayi addininsu kafin ki miƙa musu fura. Sau da yawa amsar addu'ar wata tana cikin rumbunki ne, taki kuma tana hannun maƙwabciyar da ba ki zata ba. Haka kuma dogara ga Allah ba ta ɗauke wa shugabanni nauyin da ke kansu ba. Tsaron ƙauyuka, da magani a asibiti, da malamai a aji, hakkinmu ne. Ku haɗa kai ku kai kuka wurin kansila, da hakimi, da shugaban ƙaramar hukuma, cikin ladabi amma ba da tsoro ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna a matsayina na malamar makaranta, kada ku cire 'ya'ya mata daga aji saboda matsi. Mu da muke kiran suna kowace safiya mun san yadda abin yake faruwa. Yarinya takan fara da fashin ranar kasuwa, sai talla ta kwana biyu, sai a ji an sa ranar aure. Tsadar bana za ta wuce kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka wuce, iyayenmu suna nan suna ba da labari. Amma yarinyar da aka cire daga aji biyar da wuya ta koma. Wanda ya cinye irin shuka saboda yunwar bazara, me zai zuba idan ruwa ya sauka?

Ku kuma 'yan makaranta, ku saurara. Wataƙila kin zauna jarrabawar WAEC ko NECO sakamako bai yi kyau ba, ko kuwa ƙawayenki sun wuce gaba ke kina gida saboda babu kuɗi. Kada ki yanke wa kanki hukunci tun kina shekara goma sha bakwai. Ki sake ɗaukar littafinki, ki nemi malamar da za ta duba miki, ki sake zama. Kada kuma ki yarda wani ya saye mutuncinki da kuɗin makaranta ko da waya. Abin da aka samu ta wannan hanya, kukan da ke bayansa ya fi na talauci tsawo.

A ƙarshe, ga wani ɗan aiki da za ki yi a daren yau bayan yara sun kwanta. Ki zauna ki lissafta wahalhalu uku da kika taɓa shiga kika ce ba za ki fita ba, ki tuna ta hannun wa aka fitar da ke. Idan kin iya rubutu ki rubuta a bayan littafinki, idan ba ki iya ba ki sa 'yarki ta rubuta miki, ita ma ta ji. Ran da zuciya ta sake cewa an manta da ke, sai ki buɗe ki karanta mata.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya komo da waɗanda aka kora gidajensu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili, in Allah ya kai mu.