Gaskiya Ta Fi Kwabo, Amma Kwabon Wa?

Jama'a, a nan Damari yau idan mutum ya ce a kawo masa jaridar Hausa ya karanta, sai dai a yi masa dariya. Wanda ya matsu sai ya ba direban Funtuwa sautu, shi ma sai an yi sa'a. Alhali kuwa Zariya, inda aka haifi uwar jaridun Hausa, ga ta nan kusa da mu. To, me ya kashe uwar? Masu mulki sun ce wai Bahaushe ne ba ya karatu. Mu kuwa mun ce a zo a bi sawun giwa a ga inda ta faɗi.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Kuɗinta kwabo ɗaya. Turawa ba don ƙaunarmu kaɗai suka kafa ta ba. Yaƙi ya ƙarato, ji-ta-ji-ta ta cika gari cewa za a miƙa ƙasar nan ga Jamus, ga kuma jaridar Azikiwe ta Ikko, West African Pilot, wadda ta fito a 1937, ta fara shigowa hannun ma'aikata. Suna bukatar bakin da zai yi magana da harshenmu, amma da ra'ayinsu.

Duk da haka mu faɗi gaskiya, don jaridar nan tamu ba ta saba hana mai haƙƙi haƙƙinsa ba. Malam Abubakar Imam ya yi aikin maza. Shi da abokan aikinsa suka daidaita rubutun boko har ya zauna. Shafin wasiƙu ya koya wa mutanen ƙauye cewa su ma suna iya ɗaukar alƙalami su yi ƙorafi, a buga, har Razdan ya gani. Mutum ɗaya ke saye, goma su kewaye shi a gindin bishiya yana karanta musu. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, a 1948 ya ƙara da ta Turanci, Nigerian Citizen. Daga 1954 hukumar NORLA ta ba larduna nasu ƙananan jaridu: Himma ta mu ce ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau. Wa zai dubi wannan ya ce Bahaushe ba ya karatu?

Amma fa duk a tukunya ɗaya ake dafa su, kuma cokalin yana hannun Gwamnati. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ina talaka ya kai kukansa na haraji da jangali da aikin tilas da bulalar 'yan doka? Sai jaridar Comet, ta kamfanin Azikiwe, wadda ta dawo Kano a 1949. Ba ta da injin Gaskiya, ba ta da motar Gwamnati, ba En'e da ke sayenta ta raba wa makarantu. Abin da take da shi kawai shi ne tana faɗin abin da waccan ba za ta iya faɗa ba. Wannan ita ce gasa ta farko da Gaskiya ta gamu da ita, kuma tun ranar aka gane lagonta: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

NORLA ta rushe a 1959, jaridun larduna suka bi ta, domin ba kwabon mai karatu ke riƙe da su ba. Ranar 1 ga Janairu 1966 New Nigerian ta fito a Kaduna, Gaskiya ta koma ƙarƙashin kamfaninta, ta zama 'yar rakiya. A 1975 gwamnatin soja ta Janar Murtala ta karɓe kamfanin. A 2006 Gwamnatin Tarayya ta miƙa shi ga gwamnonin Arewa 19. Af! Jaririn da iyaye goma sha tara ke reno, kowa na cewa wancan ne zai shayar. Ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi, injuna suka tsufa, cikin 'yan shekaru jaridar da kakanninmu suka koyi karatu da ita ta ɓace daga hannun masu talla.

Kafin nan kuwa kasuwa ta riga ta cika. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Manomi yana gona da akwatin rediyo rataye a reshe, labari na zuwa masa kyauta, tun da ɗuminsa. Jaridar da za ta ja da wannan sai wadda ke kawo abin da rediyo bai kawo ba, wato labarin gida da binciken masu riƙe da baitulmali. Shi ne kuma abin da jaridar Gwamnati ba ta da ikon taɓawa.

Kada a ce muna ganin hanjin jimina a wajen abokan hamayya kaɗai. A 1980 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a Kano, mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami. Niyya mai kyau ce, amma ita ma tukunyar Gwamnati ce: a 2012 wata gwamnati ta rufe kamfanin, daga baya wata ta sake buɗe shi. Amana ta kamfanin Concord ta dogara ga attajiri ɗaya, Abiola. Da soja suka tsare shi a 1994 suka garƙame kamfaninsa, gidan bai sake miƙewa sosai ba. Waɗanda suka daɗe su ne masu neman kwabon mai karatu: Al-Mizan ta Zariya, wadda mabiyanta ke saye suna talla da kansu, da Aminiya wadda Media Trust ya fara a 2006.

Wannan doka ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Folan, can Turai, jam'iyyar kwaminis mai mulki tana da babbar jaridarta, Trybuna Ludu. A watan Mayu na 1989 'yan adawar ƙungiyar ma'aikata suka fito da tasu, Gazeta Wyborcza, don zaɓen shekarar. A 1990 ta masu mulki ta bi jam'iyyarta kabari. Ta 'yan adawa ta tsaya da ƙafarta a kasuwa, har da Fakt ta fito a 2003 ta fi ta ciniki, ba ta mutu ba, saboda tana da masu saye na ƙashin kanta.

Wani yaro zai ce, ina ruwanmu da takarda, ga waya a hannu? To, mu mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara mun san amsar. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta ji, aka yi ca. Amma ƙauyukan da aka tasa, da gonakin da aka bari, da shanun da aka kora, da kuɗin fansar da aka sayar da hatsi aka biya, wa ya rubuta su ya ajiye? A Satumba 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu, muka yi watanni ba mu ji, ba a jin mu. Abin da za a iya kashewa da umarni ɗaya ba abin jingina ba ne. Takarda kuwa, in ta shiga aljihu ta shiga, kuma bayan shekara ashirin za ta ba da shaida.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa talakawa. Kowace unguwa ta haɗa kuɗin jarida ɗaya a mako, a ba mai karatu ya karanta a majalisa kamar yadda iyayenmu suka yi. Malaman makaranta da 'yan kasuwa su riƙa aiko da labarin garuruwansu, da rana da wuri, ba ƙari ba ragi. Wannan jarida da ke hannunku ma, ku saye ta da kuɗinku, in ta karkace ku rubuto ku tsawata mata. Ga gwamnoni kuwa, ba mu roƙe ku sabuwar jarida ba; mun ga yadda kuka yi da tsohuwa. Ku gyara mana hanya, ku tsare ta, mai talla zai iso da kansa.

Gaskiya ta fi kwabo, haka ne. Amma a kula da aljihun da kwabon ya fito, domin mai shi ne ke da bakin jarida. Allah Ya ba talaka sawaba, amin.