Kwalkwalin Fim da Darasin Tantance Halittu

Duk wanda ya ratsa lungunan Tudun Wada a birnin Sakkwato, da wuya bai taɓa cin karo da yaro yana jan motar gwangwani ba. Idan ya tsaya ya dube ta da kyau, zai gane cewa tayoyin daga tsohon silifa aka yanko su, gangar jikin kuwa gwangwanin madara ne. Wannan ɗan tsayawa da dubawa shi ne abin da darasin nazarin halittu ya fi buƙata a makarantun sakandare, kuma shi ne ya fi ƙaranci.

Masu shirya fim a Amurka sun yi irin dabarar yaron nan. Lokacin da George Lucas yake haɗa fim ɗin Star Wars, wanda ya fito a 1977, ma'aikatan kamfanin Industrial Light & Magic sun riƙa sayen ƙananan tankokin yaƙi da jirage na roba, irin waɗanda kamfanonin Tamiya da Airfix suke sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali don a harhaɗa, suna ciro sassansu suna mannawa a jikin jiragen fim domin su yi kama da injuna na gaske. Haka aka yi wa kwalkwalin Boba Fett na fim ɗin 1980. Bayan shekaru, masu sha'awar fim ɗin suka tasa hotuna a gaba suna bin diddigi, har suka gano cewa allon lantarkin da ke leƙowa ta ƙeyar kwalkwalin daga na'urar lissafi ta Casio MQ-1 aka ciro shi, ɗan ƙarfen da ke kunci kuwa mahaɗi ne na kayan aikin likitan haƙori.

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Ta fuskar amfanin kwalkwalin kansa, yana da gaskiya, domin ba wanda zai ƙoshi da sanin asalinsa. Amma hanyar da aka bi abar lura ce. Mai binciken ba ya cewa "ya yi kama" ya tsaya nan. Sai ya ƙirga ramuka, ya auna tsawo, ya samo ainihin na'urar ya jera ta da hoton, kuma idan rami ɗaya ya saɓa, ya yar da zatonsa ya sake lale. Tsarin tantance tsirrai da Lamarck ya yi amfani da shi a littafinsa na tsirran Faransa a 1778 a kan wannan turba yake: tambaya mai amsa biyu, kowace amsa ta kai ga wata tambayar, har a isa ga suna.

Masana ma sukan yi tuntuɓe idan suka bar wannan hanya. A 1912 aka gabatar da wani ƙoƙon kai daga Piltdown ta Ingila a matsayin na mutanen farko. Sai a 1953 aka tabbatar cewa haɗin gambiza ne: ƙoƙon na mutum, muƙamuƙin na goggon biri da ake kira orangutan, an kuma goge haƙoran da magagari. Shekara 41 alamun gugar suna nan, ba a dai dube su da idon tuhuma ba.

Saboda haka, uzurin da aka saba bayarwa, wai babu ɗakin gwaje-gwaje, bai isa ya sa a mayar da wannan darasi hadda ba. Gaskiya ne ba a ganin ƙwayar halitta sai da madubin ƙara girma, kuma alhakin samar da shi yana wuyan hukuma. To, amma babban ɓangare na jarrabawar gwaji ta WAEC ido yake nema da fensir: ga abu, faɗi sunansa, kawo dalili. Ɗalibin da ya haddace zanen littafi yakan sami sunan, ya rasa dalilin.

Malami na iya farawa da motar gwangwanin nan, ya ɗora ta a tebur ya ce kowa ya faɗi asalin kowane sashe da hujjarsa. Daga nan sai ganye. Dogonyaro da maɗaci 'yan gida ɗaya ne, amma gefen ganyen dogonyaro yana da haƙora kamar zarto, na maɗaci kuwa sumul yake. Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne tafasa da sanga-sanga, waɗanda suke fitowa kusa da juna a bakin hanya da damina. Tafasa ce aka saba kwaɗantawa a ci, alhali 'ya'yan sanga-sanga suna da dafin da ke illata hanta da tsoka, ga dabba da ɗan Adam. Ganyen tafasa jeri uku ne, biyu-biyu, masu dunƙulallen baki. Na sanga-sanga yawanci sun fi haka yawa, bakinsu da tsini, kuma idan aka murza su sai wari ya tashi.