Rukayat Shittu: Abin Da Tarihin 'Yar Majalisar Kwara Ke Faɗa Wa Jam'iyyun Arewa

A zaɓen majalisun jihohi na ranar 18 ga Maris, 2023, mutanen mazaɓar Owode/Onire da ke ƙaramar hukumar Asa a Jihar Kwara sun zaɓi Rukayat Motunrayo Shittu ta jam'iyyar APC ta wakilce su. Shekarunta 26 a lokacin. Ta samu ƙuri'u 7,521, abokin karawarta na PDP kuma ya samu 6,957.

Labarin ya karaɗe shafukan sada zumunta, aka yi ta yaɗa hotonta ana jinjina mata, bayan 'yan kwanaki kuma aka koma wani zancen. Sai dai duk wanda ya bi tarihinta a tsanake zai ga akwai tambayar da ya kamata shugabannin jam'iyyu a Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato da Zamfara su amsa.

Rukayat ta yi firamare da sakandare a Ilori, sannan ta samu difloma a fannin aikin jarida da ilimin addinin Musulunci a Kwalejin Larabci da Nazarin Addinin Musulunci ta Jihar Kwara. Daga nan ta shiga jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, inda ta karanci aikin jarida. A can ta fara siyasa, har ta zama mace ta farko da ta shugabanci majalisar dattawan ƙungiyar ɗaliban jami'ar. Ta kuma yi aiki a matsayin 'yar jarida a wata kafar labarai ta intanet kafin ta fito takara.

Babu wani abu a wannan tarihi da ya gagari 'yan matan Arewa maso Yamma. Makarantar addini, difloma, digiri, ƙungiyar ɗalibai, aikin jarida: masu irin wannan shaida sun cika Jami'ar Bayero, Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin ilimi. Ita kanta Kwara tana cikin tsohuwar Jihar Arewa, Ilori kuma masarauta ce da ta yi suna da malamai da karatun addini. Amma a majalisar da aka zaɓa wa Kano a 2023, mai kujeru 40, babu mace ko ɗaya. Haka abin yake a Katsina, Jigawa, Sakkwato da Zamfara.

Doka dai ba ta hana kowa ba. A ranar 31 ga Mayu, 2018, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Ba don wannan gyara ba, da Rukayat ba ta isa ko sayen fom ba. Sashe na 106 na kundin tsarin mulki ya buƙaci mutum ya zama ɗan ƙasa, ya cika waɗannan shekaru, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya kasance ɗan wata jam'iyya kuma ita ce ta tsayar da shi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙa. Tunda babu takarar kai-da-kai a Najeriya, duk mai son kujera sai ya bi ta hannun jam'iyya. Jam'iyya kuwa a jihohi da dama tana aljihun gwamna ne da wasu 'yan tsirarun iyayen gida. Rangwamen da ake yi wa mata da matasa a kuɗin fom abu ne mai kyau, amma fom shi ne mafi arha a cikin hidimar. Daliget, motoci, fosta, wakilan rumfunan zaɓe da sallamar masu unguwanni duk kuɗi ne, kuma sau da yawa an gama rubuta sunan wanda zai ci tun kafin ranar fidda gwani.

Me ya bambanta Kwara? A 2019 babu mace ko ɗaya a cikin 'yan majalisarta 24. A 2021 Gwamna AbdulRahman AbdulRazaq ya sa hannu a dokar da ta wajabta bai wa mata aƙalla kashi 35 cikin 100 na muƙaman siyasa na naɗi. Da zaɓen 2023 ya zo, jam'iyya mai mulki ta bai wa mata tikiti a mazaɓun da take da ƙarfi, mata biyar suka shiga majalisa. Masu zaɓen da ake yawan cewa ba za su zaɓi mace ba, da aka kawo musu ita sun zaɓe ta.

Wasu za su ce ai guguwar jam'iyya ce ta kwashe ta, ba ƙarfinta ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma haka guguwa ke kwasar maza da yawa da ke zaune a majalisun jihohi yau, ba a kuma taɓa cewa su tashi ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne, wanda gwamna ya ba tikiti yakan zama ɗan amshin shata. Wannan ciwo ne da ya addabi majalisun jihohi baki ɗaya, kuma ƙuruciya ko zama mace ba maganinsa ba ne. Saboda haka ita ma Rukayat da aikinta za a auna ta: ƙudurorin da ta kawo, tambayoyin da ta yi lokacin kare kasafin kuɗi, da yadda take komawa ga mutanen Asa.

Batun ya wuce na ado ko cika lissafi. Majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin asibitoci da makarantu, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokokin da suka shafi yara da iyali. Ko gyaran tsarin mulkin ƙasa ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A yankin da mace-macen mata wajen haihuwa da yawan 'yan matan da ba sa zuwa makaranta suka fi tsanani, ana yanke hukunci a kan waɗannan matsaloli ba tare da ko mace ɗaya a zauren ba.

Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka kafin matan Arewa su samu damar jefa ƙuri'a a zaɓen gama-gari na 1979. Fiye da shekara 40 bayan nan, mata ne ke cika layi tun asuba a ranar zaɓe, su zaɓi wasu su koma gida.

Kafin zaɓen 2027, matasa da ƙungiyoyin mata su daina jiran ranar jefa ƙuri'a. Su yanki katin jam'iyya, su nemi shugabancin gundumomi, su shiga sahun daliget. Su kuma tambayi kowane shugaban jam'iyya a jiharsu kai tsaye: a cikin mazaɓun da jam'iyyarku ke da tabbacin ci, nawa za ku bai wa mace ko matashi?