Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Ƙorafi Kan Zaɓen Gwarzuwar Ƙwallon Kwando ta Mata a Amurka

Duk kasuwar da ake saye da wani mudu a sayar da wani, ba ta rabuwa da rigima, ko da kuwa hatsin da ke cikinta tsaba ne zalla. Wannan shi ne halin da gasar ƙwallon kwando ta mata ta Amurka, wato WNBA, take ciki game da lambar yabonta mafi girma, wadda ake kira MVP, ma'ana 'yar wasan da ta fi kowa daraja a kakar wasa. Tun 1997 da aka fara gasar ake ba da wannan lamba, amma har yau masu zaɓe ba su tsaya a kan ma'anar kalmar daraja ba. Kowace shekara da mudun da ake ɗaukowa, har mai kallo yakan yi zaton sai an ga wadda ake so a bai wa tukuna, sannan a nemo mudun da zai dace da ita. Ƙorafina ke nan, kuma babu lokacin da ya fi dacewa a yi shi kamar gabanin kakar 2026.

Yadda ake zaɓen ba shi da wuyar fahimta. Idan wasannin lig suka ƙare, wasu zaɓaɓɓun 'yan jarida da masu sharhin wasanni kan jero 'yan wasa biyar. Wadda aka sa a farko tana da maki 10, ta biyu 7, ta uku 5, ta huɗu 3, ta biyar 1, kuma wadda ta fi tara maki ita ce gwarzuwa. Abin da aka yi a zagayen fitar da gwani ba ya cikin lissafi. Lissafin dai a fili yake. Abin da ke cikin duhu shi ne hujjar da kowane mai zaɓe ya dogara da ita kafin ya jera sunayen.

Mai karatu ya dubi shekaru huɗu a jere ya yi wa kansa alƙalanci. A 2022 Breanna Stewart ta Seattle Storm ce ta fi kowa cin maki, amma aka bai wa A'ja Wilson ta Las Vegas Aces, wadda ƙungiyarta ta zo ta ɗaya. To, an ji: gwanar ƙungiyar da ke kan gaba ita ce gwarzuwa. Sai ga 2023 ta zo, Aces ta ci wasa 34 cikin 40, ba wadda ta kamo ta, Wilson kuma ta zama gwanar tsaron gida ta shekara, amma ta ƙare a matsayi na uku. Stewart, wadda ta koma New York Liberty a shekarar, ita ta ɗauki lambar da maki 446. Alyssa Thomas ta Connecticut Sun ta samu 439, Wilson 433. Abin mamakin shi ne, cikin masu zaɓe 60, mutum 23 ne suka sa Thomas a farko, 20 suka sa Stewart, 17 suka sa Wilson. Wadda ta fi kowa samun ƙuri'ar farko ta tashi hannu rabbana, domin masu zaɓe 25 sun auna ta da wani mudun daban, suka jefa ta ta uku.

A 2024 Liberty ce ta zo ta ɗaya, Aces ta huɗu, amma dukkan masu zaɓe 67 suka sa Wilson a farko, domin ita ce ta fara cin maki sama da 1,000 a kaka guda a tarihin gasar. A nan an ajiye mudun ƙungiya an ɗauko na alƙaluma. A 2025 kuwa Minnesota Lynx ce ta ci wasa 34 cikin 44, kuma tauraruwarta Napheesa Collier ce ake yi wa kallon gwarzuwa kusan duk tsawon kakar. Ranar 2 ga Agusta Lynx ta lallasa Aces da ci 111 da 58, kuma a wannan wasan ne Collier ta gurɗe a idon sawu. Daga ranar Aces ta ci wasa 16 a jere har ƙarshen lig, iska ta juya, Wilson ta karɓi lambar karo na huɗu, abin da ba wadda ta taɓa yi. Ke nan cikin shekaru huɗu an yi awo da nasarar ƙungiya, an yi da daɗin labari, an yi da alƙaluma, an kuma yi da zafin ƙarshen kaka.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Yabon gwani ya zama dole, kuma babu mai hankalin da zai ce Wilson ko Stewart ba su isa ba. Wilson ta wuce Sheryl Swoopes da Lisa Leslie da Lauren Jackson, waɗanda kowaccensu ta ci lambar sau uku, kuma da guminta ta wuce su. Ƙorafina a kan masu awo yake. Idan alƙali ya yanke hukunci daidai bisa hujjar da zai watsar gobe, to sa'a ce ta yi aiki, kuma wanda zai tsaya a gabansa goben ba shi da tabbacin komai.

Rashin tsayayyen mudu yana da waɗanda yake cuta, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: masu aikin da ba ya ɗaukar ido. Sue Bird ta fi kowa a tarihin gasar miƙa wa abokan wasa ƙwallon da suka ci maki da ita, ta ci kofi huɗu da Seattle, amma ta yi ritaya a 2022 ba ta taɓa zama gwarzuwa ba. Tamika Catchings ta Indiana Fever ta zama gwanar tsaron gida har sau biyar, amma sau ɗaya tak, a 2011, aka ce ita ce mafi daraja. Ita kuwa Thomas, a 2023 ƙungiyarta ta rabu da Jonquel Jones, sannan Brionna Jones ta ji rauni a watan Yuni ta bar wasa. Thomas ta ɗauki ragowar a ka: ta fi kowa cafe ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo, ta kafa tarihin miƙa ƙwallo na lokacin, ta kai ƙungiyar matsayi na uku. Idan wannan ba daraja ba ce, to a gaya mana mece ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ɓoye ƙuri'a. A 2023 wani mai zaɓe ya sa Wilson a matsayi na huɗu, aka sanar da jimillar ƙuri'u ba tare da an ce ga wanda ya yi ba, balle a ji dalilinsa. A 2024 ma, wajen zaɓen gwarzuwar sababbin 'yan wasa, mutum 66 suka zaɓi Caitlin Clark, mutum ɗaya ya zaɓi Angel Reese, aka yi ta cecekuce a kan ƙuri'ar da ba a san mai ita ba. Kowa yana da 'yancin ra'ayinsa, amma wanda aka ɗora wa amanar rubuta tarihin wasu, ya kamata ya sa hannu a kan abin da ya rubuta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kakar 2026 za ta zo da abubuwan da za su ƙara wa wannan rauni ciwo. Ita ce kaka ta talatin. Ƙungiyoyi za su kai 15 da shigowar Toronto Tempo ta Kanada da Portland Fire, bayan Golden State Valkyries da ta shigo a 2025 ta kuma kai zagayen fitar da gwani a shekararta ta farko. Yarjejeniyar nuna wasanni a talabijin ta dala biliyan 2.2 ta shekara 11 za ta fara aiki. Ƙarin kuɗi da ƙarin idanu alheri ne, sai dai suna tafe da tarko uku. Na farko shi ne shahara. Clark, wadda ta miƙa ƙwallo 337 a 2024 ta kafa sabon tarihi, wasa 13 kawai ta buga a 2025 saboda rauni, kuma dawowarta labari ne da kowace kafa take ɗokin bayarwa. Haka ma Paige Bueckers, gwarzuwar sababbin 'yan wasa ta 2025. Dukansu gwanaye ne, amma naɗa musu rawani tun ba a jefa ƙwallon farko ba riga malam masallaci ne. Tarko na biyu shi ne gajiya da fuska ɗaya, wato a hana Wilson ta biyar don kawai an gaji da kiran sunanta, kamar yadda masu sharhi da yawa suke ganin an yi wa Michael Jordan a 1997 da aka bai wa Karl Malone a gasar maza. Na uku shi ne tausayi, wato a bai wa Collier ko Thomas don sun daɗe suna zuwa bakin ƙofa. Lambar da aka bayar don lallashi ta rage wa mai karɓarta ƙima.

Maganin ba ya buƙatar wani dogon taro. Hukumar gasar ta fito tun kafin a fara kaka ta faɗi abin da take nufi da daraja, kuma ga ma'aunai uku da nake ganin sun isa. Na ɗaya, giɓin da 'yar wasa take bari. A duba yadda ƙungiyarta take idan tana cikin fili da yadda take idan tana benci, domin a yau ana da wannan lissafin na kowane minti. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Na biyu, aiki a ɓangarorin fili biyu. Rabin lokacin wasa ƙwallo tana hannun abokan hamayya, don haka wadda ta ci maki 25 ta bari aka ci 25 ta wajenta ba ta ƙara wa kowa komai ba. Na uku, halarta, tare da ɗaukar wasan watan Mayu daidai da na Satumba, tun da nasara ɗaya ce a tebur ko yaushe aka same ta. Bayan haka a wallafa ƙuri'ar kowane mai zaɓe da sunansa.

Da wannan mudun, ni a ganina Thomas ce ta 2023, Wilson ce ta 2024. Ta 2025 ma Wilson ce, amma bisa hujjar da za a iya maimaitawa: ta fi kowa cin maki, ta raba lambar tsaron gida da Alanna Smith, ta kuma buga wasa 40 inda Collier ta buga 33. Wani yana iya saɓa mini a kan ɗaya daga cikinsu, kuma hakan daidai ne, domin aƙalla za mu san a kan me muke jayayya.

Masu kare tsarin da ake ciki za su ce ai rashin fayyacewar ne yake haifar da muhawara, muhawara kuma ita take tallata gasa. Amsata ita ce muhawara ba za ta mutu don an faɗi ma'auni ba, tun da har gobe mutane za su saɓa a kan wadda ta fi cika shi. Abin da zai mutu shi ne musun da kowa yake magana a kan abu daban, wanda yakan ƙare da zage-zage a intanet. Wasu kuma za su ce alƙaluma ba sa ganin jagoranci da ƙarfin zuciya. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a miƙa zaɓen ga kwamfuta ba. Mutum ne zai auna, da idonsa da saninsa na wasa, sai dai ya nuna mana mudun da ya riƙe.

Waɗannan mata sun daɗe suna gwagwarmayar a ɗauki sana'arsu da muhimmanci. Da yawansu sun shafe shekaru suna zuwa Turkiyya da Rasha da Sin su buga wasa a lokacin hutu don albashin gida bai isa ba. Yanzu da filaye suka cika kuɗi kuma ya shigo, mafi ƙarancin girmamawar da za a yi musu ita ce a gaya musu tun ranar farko abin da za a auna su da shi, sannan a ranar ƙarshe a auna su da shi ɗin. Gasar da ta kai shekara talatin ta isa ta mallaki mudu ɗaya.