Dokin Ƙarfe a Hanyar Burji

Yau zancen keke na kawo muku.

A ƙasar Faransa akwai wani tseren keke da ke ƙarewa a garin Rube, tun 1896 ake yin sa. Abin mamaki, da gangan suke ratse wa kwalta, su bi hanyoyin ƙauye na duwatsu wajen kilomita 50. Har ƙungiya gare su mai gyaran duwatsun nan, don kada a shafe su. To, abin da su ke yi don wasa, mu nan Kara larura ce.

Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin babur zuwa Gwarzo ko Kabo ya yi wa malamin makaranta nauyi. Amma na ga wanda ya gwammace ya makara, ko ya fasa zuwa, da a gan shi bisa keke. Wa ya yi hasara? Yara. Girman kai rawanin tsiya.

Mai bin burji ya rage iskar taya kaɗan, don ta kama tsakuwa. Da rani ƙura ke cin sarƙa, a goge a sa mai. Kada a bar gida ba famfo da faci.

Hukumomin Gwarzo da Kabo kuwa, ina roƙonsu su zuba marmara kafin damina ta sauka.